Kada Ku Mayar Min da Miji Ramin Ganuwar Wales

Zuwa ga Shugaban Sashen Binciken Kayan Tarihi na jami'ar da maigidana yake karatu,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya.

Ba na manta wata Talata a watan Yulin bara. Ina kwance a ɗakinmu na Germantown da tsohon ciki, ina karanta littafin soyayya, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga dattawan masallacinmu su uku, kowa kansa a sunkuye. A wurinmu, manya ba sa zuwa wa mace haka da rana tsaka sai da labarin mutuwa. Nan na faɗi. A asibiti na farfaɗo, kuma da ƙyar cikin ya tsaya.

Ashe maigidana yana raye. Kun tura shi wani ƙauye a Wales tono a wata tsohuwar ganuwa, wadda ya ce an yi ta fiye da shekara dubu don tsoron mahara. Ni da na zaci fada ce irin ta littattafaina, da benaye da gimbiya. Hoton da ya aiko tudun ƙasa ne kawai da ya zagaye fili, da gwalalo a bayansa, tumaki suna kiwo. A cikin gwalalon nan ƙasa ta rufta masa, ta karya masa ƙafa.

Ƙorafina biyu ne. Na ɗaya, an kwana ana ruwa, amma aka sa shi shiga ramin da ya fi tsayinsa, ba ko katakon da ya tokare bangon.

Na biyu, ya roƙe ku kada a tsorata ni, sai kuka kira limaminmu, ni matarsa ba ku kira ni ba. Da muryarsa na ji ta waya, da ban faɗi ba.

Yanzu kun ce ya koma bana, in ba haka ba digirinsa ya tsaya. Tun da na ji, ko ƙofa aka taɓa sai in rungume 'yarmu.

Ina roƙonku ku rubuto min yadda za a tokare ramin, kuma in wani abu ya faru, ni za a fara kira.

Allah ya tsare ka da iyalanka, ya raba ku da irin wannan sallama.

Fasfonsa yana hannuna, shi ma ya sani. Ba zan ba shi ba sai na ga amsarku.

Wassalam.

Maryam, uwar Ilham
Germantown, Maryland