A Buɗe Ɗakin Madubin Kafin Idon Mahaifina Ya Rufe

Zuwa ga Shugaban Sashen Fiziks na jami'armu,

Ranka ya daɗe, Farfesa,

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗaliba ga malaminta, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran malamanmu na sashe. Allah ya ƙara girma, ya sauƙaƙa maka nauyin kujerar da kake kai.

Sunana Rakiya Inuwa, ɗalibar ajin ƙarshe, daga Rikkos. Ba lallai ka riƙe sunan ba, amma za ka tuna mai zama a layin gaba kusa da taga, wadda ka taɓa cewa tambayoyinta sun fi ta tsawo. Na so a ce wannan magana ta tsaya tsakanina da ofishinka. Na rubuta tun zangon bara, na sake rubutawa bana, kullum sakatariya takan karɓa da fara'a ta ce Oga yana mitin. Da na ce zan kai wa jarida, sai ƙawata Kaneng, abokiyar aikina a ɗakin gwaje-gwaje, ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke Rakiya, bari su sa hannu a rizalt naka tukuna, kar ki jawo ma kanka wahala." Gaskiya ta faɗa, kuma ina jin tsoro. Sai dai abin da nake nema ba zai iya jiran fitowar sakamako ba.

Abin da nake nema ɗaya ne. A ƙarshen barandar bene na sashenmu akwai wani ɗaki mai koren ƙyaure, a cikinsa akwai madubin hangen nesa, irin wanda ake duban wata da taurari da shi. Ina roƙon a buɗe shi yamma ɗaya, mahaifina ya sa ido a ciki kafin ganinsa ya ƙare. Ga dalilaina.

Na farko, alkawarin da na ɗauka.

Mahaifina tela ne. Shagonsa yana cikin babbar kasuwar Terminus har gobarar 2002 ta cinye shi, sai ya dawo da keken da ya rage masa zauren gidanmu ya ci gaba. Amma a unguwarmu ba da ɗinki kaɗai aka san Malam Inuwa ba, an san shi da ganin wata. Duk yammar da ake duban watan azumi ko na salla, yakan hau dutsen da ke bayan gidajenmu, manya da yara su bi shi. Mutane su yi ta ƙyafta ido suna laluben sama, shi kuwa sai ya miƙa yatsa kawai ya ce ga shi can. Ina ƙarama a kafaɗarsa nake ganin nawa. Na taɓa tambayarsa mene ne a cikin watan, ya yi dariya ya ce shi gani ya iya, sani kuwa sai mu 'yan boko.

Da na samu gurbin karatu, dangi suka yi ca a kaina. Mace da fiziks, me za a yi da shi, ga aikin jinya ga koyarwa? Shi kaɗai ya ce a bar ni. A makonmu na farko aka zagaya da mu sashe, aka tsaya a bakin koren ƙyauren nan aka ce a ciki akwai madubin da ke nuna duwatsu da ramukan da ke kan wata. Ranar ko abinci ban tsaya ci ba sai da na ba shi labari. Ya ajiye almakashi ya dube ni ya ce, "Duwatsu? Irin namu na Jos?" Na ce haka aka ce. Ya ce, "To in kin gani, ki zo ki kai ni." Na ce na yi alkawari. A lokacin na ɗauka maganar mako biyu ce.

Na biyu, labarin mabuɗi.

Na fara tambayar Baba Dung, dattijon da ke kula da ɗakunan gwaje-gwajenmu. Ya bayyana mini yadda tsarin yake: kowace na'ura a sashen nan da sunan malami ɗaya take, shi ke riƙe mabuɗinta, shi za a tuhuma in ta lalace. Malamin da madubin ke hannunsa ya tafi ƙaro ilimi ƙasar waje, mabuɗin kuma ya bi shi. Na ce to a fasa kwaɗon mana. Ya ce kul, ba a fasa kwaɗon jami'a sai kwamiti ya zauna. Kwamitin bai zauna ba aka tafi yajin aiki, aka dawo, aka sake tafiya. Kowace shekara na tambaya, amsar ba ta canza ko da kalma ɗaya ba, har Baba Dung kan hango ni daga nesa ya fara girgiza kai tun ban buɗe baki ba.

Ranka ya daɗe, ba na raina abin da aka koya mini. Na iya zana yadda haske ke shiga gilashi ya karye ya haɗu. Na iya lissafa sau nawa madubi zai girmama abu in an ba ni tsawonsa. Na ci wannan darasi da maki mai kyau, kai da kanka ka duba takardata. Amma duk madubin da na sani da alli aka zana shi, kuma da an tashi daga aji ake goge shi. Ranar da rana ta yi husufi a watan Maris na 2006, mu ɗaliban fiziks a tsakar sashe muka tsaya da baho cike da ruwa da baƙin gilashin masu walda da Kaneng ta aro wurin yayanta, muna karɓa-karɓa. Daidai abin da mahauta suka yi a mayankar Abattoir ke nan, ba mu fi su da komai ba. Mun san da madubin nan za a iya jefa hoton ranar a kan farar takarda kowa ya kalla lafiya lau. Yana saman kanmu, a kulle.

Na uku, abin da ya faru bana, wanda shi ya fi ci mini rai.

Da aka ce tawagar tantance kwasa-kwasai za ta zo, sai ga kafinta da guduma. Kwaɗon da aka ce sai kwamiti, kafin hantsi ya ɗaga yana ƙasa. Ban ji an yi zama ba, ban ji an buga wa na ƙasar waje waya ba. Aka share ɗakin, aka yaye tsofaffin jaridun da aka lulluɓe madubin da su, aka goge shi har yana ƙyalli. Aka aro fararen riguna daga sashen kemistiri aka sa mana, aka tsayar da ni a damansa, Kaneng a hagunsa, aka ce mu yi murmushi, kada mu taɓa komai.

Haka na tsaya kusa da shi, har ina jin ƙanshin man da aka goge shi da shi. Murfin bakinsa a rufe yake. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na ƙanƙame shi a bayana. Baƙin suka shigo, suka gyaɗa kai. Ɗayansu ya tambaya ko ɗalibai na amfani da shi, wani malami ya riga mu amsawa ya ce ƙwarai kuwa. Kaneng ta taka mini ƙafa, na ci gaba da murmushi. Kafin la'asar an maido da jaridun, an sa sabon kwaɗo, an karɓe rigunan. Na sauka bene na shiga bayan ɗakin karatu na yi kuka mai isata.

Sabon mabuɗin bai je ƙasar waje ba. Baba Dung ya ce yana ofishinka.

Akwai abin da na gani a ranar, wanda in ban da Baba Dung ban gaya wa kowa ba sai yau. Da baƙin suka juya za su fita, kai ne na ƙarshe, kuma na ga ka shafa jikin madubin da tafin hannunka kafin ka bi su. Na tambayi Baba Dung, ya ce lokacin kana ƙaramin malami kai ne kake ɗaukarsa da ɗalibai ku hau rufin bene bayan magariba, har sai masu gadi sun kore ku. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin rubuto maka. Ka san abin da ke cikinsa, ni ce ban sani ba.

Na huɗu, idon mahaifina.

Abin ya fara ne da zare. Mutumin da ke zura zare a allura yana hira ba tare da ya kalla ba, sai ga shi yana kirana in zura masa. Muka ɗauka tsufa ne, muka sayi tabarau. Da muka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ya tsuke daga gefe-gefe, saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar mabuɗi. Maganin ɗigawa yana rage masa gudu ne kawai.

Azumin bara ya ce sai ya hau dutse kamar yadda ya saba. Na riƙe shi muka hau. Wani matashi ne ya fara gani, aka ɗauki kabbara. Mahaifina yana tsaye yana fuskantar wani gefe daban, yana ta juya kai a hankali. Can ya ce mini ƙasa-ƙasa, don kada a ji, in kama yatsansa in nuna masa wurin. Na kama na nuna. Ya daɗe yana kallo, ya ce Alhamdu lillahi. Har yau ban san ko ya gani ba, kuma ban iya tambayarsa ba.

Ni ɗalibar haske ce, ranka ya daɗe, ku kuka koya mini. Na san mai duba madubi ba ya bukatar gefen ido, ɗan tsakiyar nan da ya rage masa ya isa, tunda wata yana da haske kuma madubin zai kawo masa shi daidai wurin. Na tambayi likitan, ya ce haka ne, amma kada mu yi jinkiri, don ba zai iya cewa tsakiyar za ta kai baɗi ba.

Saboda haka ga roƙona. A buɗe ɗakin nan yamma ɗaya, lokacin da wata ya kwana bakwai ko takwas, don a lokacin ne inuwar duwatsunsa ta fi fitowa, kuma yana sama tun magariba, ba sai an kai dare ba. In hadari ya rufe, kamar yadda ya saba mana a ƙarshen damina, a ba mu washegari. Ba na neman a ba ni mabuɗi, ba na neman a fitar da madubin daga sashe. Baba Dung ya ce zai tsaya, 'yan ajinmu za su ɗauka su hau da shi, yayan Kaneng zai kawo mahaifina a motarsa. In ana tsoron lalacewa, a rubuta sunana a kai, in ya so a riƙe takardar shaidata. Kuma in an buɗe, ina roƙon kada a mayar da shi sai zuwan wasu baƙin. Akwai 'yan ajin farko da aka nuna wa koren ƙyauren nan bana, na ga yadda suke kallonsa.

Abu ɗaya ya rage. Ranar tantancewa na koma gida na gaya wa mahaifina yadda aka yi. Na zaci zai yi fushi, amma abin da ya dame shi daban ne. Ya ce yanzu abu mai daraja haka da jarida ake rufe shi? Ya tambaye ni tsawonsa da kaurinsa. 'Yar tela ce ni, na riga na auna shi da ido tun ina tsaye, na faɗa masa. Ya sa na sayo yadi mai kauri a Terminus, ya yanka da lalube, ya ɗinka masa riga, har da igiyar zugewa a baki. Ni nake zura masa zare. Ɗinkin ya karkace a wurare da yawa, shi da bai taɓa sakin karkataccen ɗinki daga hannunsa ba. Bai sani ba, ni kuma ban faɗa masa ba. Ya ninke rigar ya ajiye a kan kekensa, ya ce ba a zuwa wurin manya hannu rabbana. Duk ranar da na dawo daga makaranta, da ya ji sallamata sai ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Rakiya, sun sa ranar?"

Ina roƙonka ka ba ni amsar da zan kai masa.

Allah ya ja zamaninka, ya albarkaci zuriyarka, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah ya bar maka ganinka har ƙarshen rayuwarka.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Rakiya Inuwa,
Rikkos, Jos.