Bagobiri Ba Zai Kwana a Isa Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Bawa Sodangi na Sabon Birni, tsohon mai canza wa jirgi layi a tashar Ƙauran Namoda, ni na rubuta wannan da hannuna, ina cikin cikakken hankalina. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini rowa, amma kaina garau yake. Zuwa gare ku 'ya'yana uku, Labbo da Kadijatu da Na'Allah.

1. Gida da gonar tudu da fadama a raba su yadda shari'a ta tsara, a gaban liman. Geron da ya rage a rumbu kada a raba shi, kada a kai shi kasuwa. Bana ma, kamar bara, gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Ku ci ragowar a tukunya ɗaya har Allah Ya kawo damina mai albarka.

2. Sai maganar jirgina na ɗakin zaure, wanda mutanen gari ke cewa wasan yara ne tsoho ya riƙe. Su yi ta faɗa. Layin dogo ya tsaya a Ƙaura bai ƙaraso mu ba, ni kuwa na ƙarasa shi a kan katako mai faɗin ƙofa biyu: Ƙaura, Shinkafi, Isa, Sabon Birni. Marigayiya uwarku Mairama ce ta gina 'yan rumbunan da yumɓu, ta yi itatuwan kuka da totuwar kara. Ba a yi wa magaji wasiyya, shi ya sa na riga na ba ku kawunan jirgin kyauta, hannu da hannu: ja na Labbo, kore na Kadijatu, shuɗi na Na'Allah. Katakon da layin da baƙin kan jirgin nan da nake kira Bagobiri na ba ku tare. Kada ku yanka katakon don kowa ya ɗauki rabonsa, in kun yanka shi itacen girki ya zama.

3. Tsohuwar na'urata mamurɗi ɗaya gare ta. In na murɗa, duk kan jirgin da ke bisa layi sai ya tashi, in na mayar sai duk su tsaya. Da ina da ƙarfi haka ya yi mini daidai. Amma hannu uku a kan mamurɗi ɗaya faɗa ne. Don haka ku sayi na'urar dijital, wadda ake sa wa kowane kan jirgi 'yar ƙwaƙwalwa kamar farcen yatsa, a ba shi lambarsa, ya riƙa amsa wa mai kiransa kaɗai ko da su huɗu ne a layi guda.

Kun san inda na gan ta, a gidan Malami na Isa. Tare muka yi aiki a Ƙaura, a ɗakina ya fara ganin ɗan jirgi yana zagaya katako, ya tafi ya kwaikwaya. Shekara da shekaru nasa yana bayan nawa, sai ɗansa ya aiko masa da na'ura daga ƙasar waje. Yanzu kawunan jirginsa suna kunna fitila, suna busa usur. Gidajen da ya jera na roba ne, da ƙanƙara a kan rufinsu, a Isa, a shekarar da shanu ke lasar busasshen gulbi! Ranar da na dawo daga can ban ci tuwo ba. Kishi nake yi, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba.

Amma ba usur ɗin ne ya hana ni cin tuwo ba. Kai ne, Labbo. Na shiga ɗakin na tarar da kai riƙe da rimot ɗin Malami, kana ƙyalƙyala dariya har da buga ƙafa, alhali 'ya'yanka ma sun fara tasawa. Aka ce mini duk Juma'a bayan masallaci can kake wuni. Da na yi maka magana ka ce ai ni ban taɓa barin ka murɗa nawa ba. To, ka taɓa roƙona da kyau?

4. Kadijatu ce za ta zaɓi na'urar, don ita kaɗai ce ba ta taɓa taka ɗakin Malami ba. A sayar da kekena da rediyona a saya, kada a taɓa ko tiya ɗaya ta gero. Ke 'yata, ga abin da za ki duba. Ta karɓi rimot uku, masu mamurɗi na gaske da ake ji a yatsa. Wadda sai da waya ake tuƙa ta ban yarda ba, don mai waya zai sa ta a aljihu ya tafi Isa da ikon jirgin duka. Ta zama ƙarama mara cin wuta, wadda batir ɗinmu zai ɗauka. Ta Malami ƙatuwa ce, sai an tayar da janareto, alhali katakonsa bai fi nawa da taƙi guda ba. Kowane rimot ya kasance da jan madannin da ke tsayar da komai, domin in na ɗayanku ya sauka daga layi, wanda ya fara gani ya tsayar da duka har a ɗaga shi. Ki tambayi mai sayarwa ko tana jituwa da ƙwaƙwalwar kowane kamfani, kada a ɗaure ku a shago ɗaya. Sannan kada ta zama iri ɗaya da ta Malami. Wannan ba ni da hujjarsa, umarni ne kawai.

5. Labbo da Na'Allah, gabar da kuke yi tun ranar da Na'Allah ya so cire faifan sola na bisa zaure ya kai fadama ta isa haka. Na'Allah yana da gaskiya, albasa da 'yar masarar rani su ne za su riƙe gidan nan, kuma injin ban ruwa ba ya tafiya da addu'a kaɗai. Faifan ya tafi fadama, amma duk Juma'a ya dawo ya cika batir ɗin jirgi. Labbo ne zai ɗauko shi a babur ɗinsa, Na'Allah ya hau baya ya riƙe. In ba ku gaisa a gida ba, za ku gaisa a hanya.

6. Ku sani duk sabuwar ƙwaƙwalwa da lamba iri ɗaya take zuwa, wato uku. Malami bai sani ba. Ranar da ya tara mutane, ya kira lamba uku, kawunan jirginsa suka tashi gaba ɗaya suka yi karo a tasharsa mai ƙanƙara. Ban kasance a wurin ba, amma na sa an maimaita mini labarin har na ƙoshi. Kowa ya canza wa nasa lamba tun a ranar farko. Lamba ukun kuwa ku bar wa Bagobiri.

7. Bagobiri na same shi a kayan gwanjo a kasuwar Maraɗi, a shekarar wani fari da ya girme ku duka. Ba wanda ya taɓa buɗe cikinsa sai ni. In kun haɗa sabuwar na'ura kada ku ɗora shi a layi haka nan, zai yi ta kuka a tsaye har motarsa ta ƙone. Ko dai a sa masa ƙwaƙwalwa, ko ya zauna a kan kanta yana kallon 'yan'uwansa suna tafiya. Cikinsa matsattse ne, aikin dalma ne mai son hannun da ba ya rawa, nawa kuwa ko kofin shayi ya daina riƙewa. Na duba daga nan har Shinkafi, mutum ɗaya ne zai iya. Malami ne, kuma rubuta sunansa a nan ya fi kumburin ƙafa yi mini ciwo.

To, ya buɗe shi, amma sai bayan an binne ni, don ba za ni iya kallo ba. A ɗakina zai yi aikin, a kan tabarmata. Bagobiri ba zai kwana a Isa ba ko sau ɗaya. Ya sa masa usur da ya fi nasa ƙara. In ya gama ku ba shi fura da goro, ku gode masa, ku ce na yafe masa kwaikwayo. Kada ku bar shi ya taɓa rimot.

Wanda zai fara kiran lamba uku kai ne, Labbo. Ka fito da Bagobiri daga Ƙaura, ka wuce Isa ba tsayawa, ka kawo shi gida, ƙannenka suna biye da nasu. In dariyar nan da na ji a ɗakin Malami tana nan, ka yi ta a nawa ɗakin. Ita na so in ji, ban samu ba.

Allah Ya yi muku albarka, ku da zuriyarku. Ya jiƙan Mairama, Ya sa in tarar da ita cikin rahama. Ya sauko mana da ruwa, Ya cika rumbunanku. Ku riƙe juna, ku riƙe sallah, kuma duk Juma'a ƙofar zauren nan ta kasance a buɗe, ku ukun kuna ciki.

Mahaifinku,
Bawa Sodangi