Kunyar Inna da Ƙwayar Safe

Gesse, Birnin Kebbi.

Zuwa ga Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma sa albarka a cinikin albasarku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, yaronmu Mujtaba ya fara tafiya, babu abin da ya tsira daga hannunsa.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba ka bari in kai aya. Kai ka dage a ɗauko ta daga Argungu ta zauna wurina saboda kusa da asibiti, na kuwa yi murna. Likita ya ba ta ƙwayar hawan jini, irin mai sa yawan fitsari. Ya ce ɗaya kullum da safe don kada ta hana ta barci, ta riƙa shan ruwa yadda ta saba, ta rage gishiri da kanwa, in za ta tashi ta miƙe a hankali. Inna ta yi ta gyaɗa kai kamar ta haddace. Ashe akwai abin da ba mu lissafa ba, ni da kai da likitan.

Ka san gidajen Gesse, bayin a cikin gida yake, sai an ratsa falo. Baban Mujtaba kuwa nan yake zama da safe yana sauraron rediyo. Inna ta ce a ranta ita ba za ta yi ta safa da marwa da buta a gaban surukinta ba, ko da za ta mutu. Ba ta gaya mini ba, sai ta tsara wa kanta dabara. Ranar da yake gida ba ta shan maganin. Ranar da ya tafi gonarsa ta Ambursa sai ta haɗiye biyu, wai ramuwa, kamar sallar da ta kuɓuce mata. Ruwa kuma ta daina sha sai ɗan kurɓi, a wannan zafin! Ni ina ta yabonta wai ta fi kowa bin doka.

Ranar Talata ta miƙe daga tabarma, jiri ya kwashe ta, ta faɗi a bakin ƙofa, goshinta ya fashe. Wallahi Yaya na ɗauka ɓarin jikinta ne ya shanye. A asibiti suka auna jininta, suka ce jikin ya bushe, suka ƙara mata ruwa. Likita ya ja mata kunne cewa ba a ninka wannan magani, in an tsallake an tsallake, kuma sha yau a bari gobe ba ya tsare kowa daga hawan jini. Da ya tambayi dalili sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Garin neman ƙiba mun samo rama.

Sai da muka dawo gida ta faɗa mana dalilin. Na yi mata faɗa har muryata ta dishe. Baban Mujtaba, bawan Allah, ya ɗauki rediyonsa ya koma ƙofar gida tun da sassafe. Kana tsammanin an huta? Yanzu kuka take, wai ta kori mutum daga gidansa, gara ta bar maganin ya dawo falonsa. Jiya a ƙarƙashin matashinta na tsinci ƙwayar.

Don haka ina roƙonka ka janye maganarka, ta koma Argungu. Can bayinta na bayan ɗaki, babu idon da take jin nauyi. Ƙanwarmu Rauda ta yarda za ta riƙa ba ta da hannunta kowace safiya, ta tsaya har ta haɗiye, ranar awo kuma ni zan je in kawo ta. Kada ka ce na gaji da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na share mata ɗaki, na so a ce ni ce na yi jinyar uwata, amma gidana ne yake neman kashe ta. Gara in riƙa shiga mota ina zuwa gaishe ta tana raye.

Ka gaida Anti Ummu Hani da su Ikrima, da Kawu Zayyanu in kun haɗu a kasuwa. Inna tana sa maka albarka, ko da yake ba ta san na rubuto ba. Ka amsa da wuri, don Allah.

Ƙanwarka,
Nuriyya