Jinin Karen Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki?

'Yata, takwararki, tana asibiti, yau kwana shida. Zazzaɓin nan da ya ƙi sauka ba na sauro ba ne. Cikinta ya kumbura, hannuwanta duk sun tsotse. Likita ya danna gefen hagu, ya ce saifa ce. Tun kafin sakamako ya fito na san sunan ciwon: kala-azar. Shekara bakwai ina neman sa a jinin karnuka a ɗakin binciken da nake aiki, har kike tsokanata da Likitar Karnuka. Wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro ba ne ke yaɗa shi, yakan ciji kare mai ciwon, ya dawo ya ciji mutum.

Kullum da safe ana ɗaura mata ruwan magani ta jijiya. Ina zama a kujerar roba ina kallon ɗigon. Babanta yakan fita baranda ya yi kuka. Ni kuwa ina cin abincina, in wanke kwano, in dawo in zauna.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki.

Yaya,

Na ga saƙonki, na gode. Ina fatan kun wuni lafiya.

Kin tambayi inda ta kwaso ciwon. Kin san Sarkin Barci, karen da Baba ya bari, wanda kowa ya ƙi ɗauka sai ni. Wata takwas da suka wuce na ɗebi jininsa, don kawai ina gwada sababbin kayan aiki. Na tarar yana da ciwon.

Karnukan da ake kawo mana iri biyu ne. Akwai wanda jikinsa ke tayar da hankali, ya cika jini da makaman kare kai, amma ba sa kaiwa ga ƙwayar cutar, sai su toshe masa ƙoda. Gashi ya zube, farce ya yi zaƙo-zaƙo, ya mutu. Akwai kuma wanda garkuwar jikinsa ke danne cutar shiru, ya yi ta ƙiba abinsa. Na Baba irin na biyun ne. Irinsu ba su cika yaɗawa ba, amma ba a ce ba sa yi ba. Na sani sarai.

Ya kamata in kai rahoto. Sai na ninke takardar sakamakon na sa a aljihun rigar aiki. Na ɗaura masa abin wuya mai korar ƙwari, ƙarfinsa ya ƙare, na manta ban canza ba. Takwararki kuwa a jikinsa take kwanciya ta yi aikin makaranta.

Likita ya ce zai iya zama kowane kare a unguwar. Na ce masa haka ne.

Ke kaɗai na faɗa wa.

Taki har kullum,
Likitar Karnuka.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa ƙafar sauƙi.

Zazzaɓin ya sauka. Saifar ta fara komawa, jiya har ta nemi a ƙara mata abinci. An ce jibi za a sallame mu.

Na bi shawararki na faɗa wa babanta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni inda na ajiye makullin mota. Tun daga nan, in ba maganar magani ba, ba ya ce mini komai. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Shekaranjiya na kai karen wurin aiki. Da kansa ya hau mota. Shugabarmu ta karanta tsohuwar takardar, ta dubi kwanan watan, ta dube ni. Ta ce za mu zauna a kan wannan daga baya. Ta ce ba za a kashe shi ba, irin jikinsa suke nema, ko a gane yadda yake danne cutar. Yanzu yana keji mai raga, lamba talatin da ɗaya. Ni na ɗebi jininsa na farko a can. Ya miƙo ƙafar kafin in nema.

Ɗazu takwararki ta ce in ajiye masa ƙashin da ta rage. Na naɗe a takarda na sa a jaka. Ki zo jibin don Allah, ki tsaya kusa da ni idan ta shiga gida ta kira shi.

Ƙanwarki.