Karan Awon Kawu Barmo

Daren Talata, watan Sha'aban, 1313

Yau muka kai Kawu Barmo makwancinsa. Ni aka ba kara in auna gawar saboda masu haƙa kabari. Da na tsayar da karan, ko kafaɗata bai kai ba. Mutumin da muryarsa ke sa ni rawar jiki tun ina yaro, ashe iyakar tsawonsa ke nan.

Da muka dawo na faɗa wa Inna. Ta ce, "Cikin gudun yaƙi muka tashi, Mamman, tafasa ce abincinmu. Ku kun samu nono da kifin tabki, shi ya sa kuke duƙawa a ƙofar ɗakina."

Tun sannan hankalina yana kan ɗiyata Hadiza. Shekarar da ciwo ya ƙare shanu aka yaye ta. Har yau kanta bai wuce bakin turmi ba, ga ƙafafu kamar tsinke.

Ɗazu na ga Inna tana juye furarta a ƙoƙon yarinyar, wai ta ƙoshi. Na san tun safe Inna ba ta sa kome a baki ba. Na kawar da kai, ban hana ta ba.