Ɗana ya rasu, amma saƙonsa na cewa zai dawo

Don Allah ku taimake ni, abin ya fi ƙarfina. Ban yi boko ba, ɗiyata ce ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Shekara arba'in ina haƙar rijiya. Da gumina ɗana na fari ya yi karatu har ya zama malamin jami'a, wai masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wata rana a gaban abokansa ya ce yadda nake gano ruwa, da duban suri da kafa kunne a ƙasa, canki-canki ne. Suka yi dariya. Daga ranar ban ƙara ce masa uffan ba, shekara tara. In ya zo gaisuwa sai in juya masa ƙeya. Yau wata biyar da rasuwarsa.

Matarsa ta aiko mini da rigunansa. A aljihun ɗaya na tsinci 'yar takarda an ninke ta huɗu, rubutun hannunsa: sunansa, sunan wani mutum, shekara, wasu kalmomi da lambobi. Ɗiyata ta ce bayanin wani rubutu ne da ya wallafa a kan yadda tsofaffin mahaƙa ke gano ruwa. To ai ni ke nan. Yabona ya yi, ko dariyar nan ya kai wa duniya? Ina so in sani kafin in bi shi.

Na je laburare da ƙafata. Na faɗa wa matar da ke kan tebur sunan ɗana, na ce ta ba ni littafinsa. Ta danna na'ura, ta danna, ta ce babu mai wannan suna a nan. Ɗaki tsit, kantocin littattafai har rufi, kowa ya sunkuya ba mai tari. Na ji kamar ina ƙasan rijiya an janye igiya. Na balbale ta da faɗa na fito.

Ɗiyata ta duba a waya. Sai ga hotonsa yana kallona, da layi biyar na rubutun, sauran a kulle. A ƙasa an rubuta mai son sauran ya roƙi marubucin. Ta aika. Ba ta ajiye wayar ba amsa ta shigo da sunansa: wai ya yi tafiya, zai amsa in ya dawo. Sau shida muna aikawa, sau shida yana cewa zai dawo, ni kuwa a kan idona aka rufe shi.

Ɗiyata na cewa in tambayi matarsa. Ba zan je ba. Shekara tara tana gidan, ko sau ɗaya ba ta turo shi ya ba ni haƙuri ba. Ku gaya mini, har yanzu fushi yake da ni? Ina zan samu rubutun nan?

Tsohon mahaƙi

AMSA

Baba, Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri. Ba shi ne ke amsa muku ba. Ma'aikata kan saita akwatin saƙonsu ya riƙa mayar da amsa da kansa in za su yi tafiya ko kwanciya asibiti. Shi ya saita, ba a samu wanda ya kashe ba. Ko ni na aika, abin da zan samu ke nan. Ku daina aikawa, kuna tayar wa kanku hankali ne kawai.

Matar laburare ba ta yi ƙarya ba. Abin da kake nema maƙala ce a cikin mujalla, kuma da sunan mujallar ake nema, ba da na marubuci ba. Lambobin nan su ne kundi, fitowa da shafuka. Ka koma, ka ba ta haƙuri, ka miƙa mata takardar kanta. In ba su da mujallar, suna iya nemo ta daga wani laburaren. Suna na biyu kuwa abokin aikinsa ne, da wuya a ce ba shi da kwafi.

Maganar da ɗanka ya yi maka a gaban mutane ba daidai ba ce, kuma ta yi ciwo. Amma kai ma ka ce yana zuwa gaisuwa kana juya masa ƙeya. Wa ya gaya maka ba matarsa ke turo shi ba?

Ban karanta maƙalar ba, don haka ba zan yi maka alkawarin yabo ba. Irin wannan rubutu awo ne da lissafi, mai yiwuwa ko sunanka babu. Abin da kake son ji, wato me yake faɗa a kanka lokacin da yake rubutawa, surukarka ce kaɗai ta ji shi, kuma wataƙila kwamfutarsa na hannunta. Ka je wurinta makon nan, Baba, ka zauna, ka tambaye ta. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa ka ji alheri.