Gwaggo Za Ta Ingila

Litinin, 6 ga Mayu 2024

Assalamu alaikum jama'ar Gusau da kewaye, Tudun Wada, Mada, Tsafe, Bungudu, manya da yara, masu haƙora da waɗanda sunka zube! Ni ne naku Mannir mai balangu, sarkin wuƙa na bakin tasha. Duk wanda ya tsinci littahin ga kar ya dubi rubutun, aji ukku na bar makaranta, amma kai na da mai.

Yau anka ɗora mani aikin ƙasa da ƙasa. Yaya Hassana, babbar yayata, nas ɗin asibiti, ta samu aiki Ingila, watan tara zata tahi. Tace ƙafarta ƙafar Gwaggo. Gwaggo ba mutum bace, mage ce, mussar marigayiya Inna, fara mai baƙin kunne ɗaya. Inna ta raɗa mata sunan saboda bata gaida kowa sai an gaisheta.

Ni dai na tsani mussa. Amma Yaya bata da lokaci, ta bani takarda cike da turanci tace in kai asibitin dabbobi. Nace Yaya ki ɗauka an gama.

Alhamis, 9 ga Mayu

Basira kyauta ce. Naji ana riga-kahin haukan kare a Furfuri garinmu, na cusa Gwaggo a kwandon kaji na ɗaure bayan babur. Layi duk maharba da karnukansu, sai ni da mage. Wani tsoho yace “Mannir farautar ɓera zaka?” Nace Baba wagga da ka gani jirgi zata shiga, kai ko Kaduna ka taɓa zuwa?

An yi allura, an bani kati. Mai allurar ya tambayi ranar haihuwarta, nace shekarar da rumbun Inna ya faɗi. Ya rubuta abinda ya rubuta.

Takardar Yaya ban ma buɗe ba. Ta kira nace komi ya kammala, tace to bayan kwana talatin a ɗebi jinin Gwaggo a auna.

Talata, 11 ga Yuni

Innalillahi.

Munka je wajen likitan dabbobi nan Gusau, Likita Saude, ni da Yaya. Na aje katin Furfuri bisa tebur kamar na aje makullin mota. Ta ɗauko wata na'ura ta goga wuyan Gwaggo. Shiru. Ta sake gogawa. Shiru.

“Malam Mannir ina cif ɗin?”

Nace wane cif?

Ashe akwai wani ɗan abu kamar ƙwarar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fata, mai lamba, shine shaidar cewa wagga mage itace wagga mage. Kuma sai an sa shi KAHIN allura. Allurar da ta riga shi, su can basu san da ita ba. Nace Likita ga kunnenta baƙi, duk Furfuri an santa. Tace “To Ingila ba'a santa ba.”

Lissahi ya dawo sabo. Cif yau, allura yau, kwana talatin a ɗebi jini, daga nan wata ukku cur ana jira. Ya kai watan goma. Jirgin Yaya watan tara.

Yaya bata yi faɗa ba, da ma tayi. Ta shafa kan Gwaggo tace “Ita kaɗai ta rage mani ta Inna, Mannir.” Layi na farko a takardar ashe cif ne.

Laraba, 12 ga Yuni

An yanke hukunci. Mijin Yaya, Malam Yazid, sai watan sha ɗaya zai bita, shi zai tahi da Gwaggo in takardu sun cika. Amma yana koyarwa a Tsafe, ɗakin da yake kwana akwai kare. Yaya tace tunda ni na ɓata ni zan riƙe, daga yau. Kar ta ɓace, kar ta yi ciki, kar ta yi ciwo.

Hajara matata tana ta dariya. “Maigida an yi maka baƙuwa daga Turai.” Nace bata ma je ba tukun.

Dokata ɗaya: ba ita ba teburin nama.

Litinin, 17 ga Yuni

Yawon Sallah. Wani ɗan yanki na hanta ya faɗi ƙasa ta cinye. Faɗuwa yayi.

Juma'a, 12 ga Yuli

An ɗebi jini za'a aika ƙasar waje a auna. Jinin mage ya riga ni hawa jirgi! Ni na riƙe ta, ta yakushe ni wuri huɗu ban ko motsa ba. Likita tace ina da ƙarfin hali. Nace Likita ni da nake kada bijimi.

Yaya ta kawo akwatin tahiya, na roba mai ƙofar waya. Dokar masu jirgi wai sai ta iya tsayuwa a ciki ta juya ta kwanta. An gwada, ta juya har sau biyu. An ce in riƙa sata ciki ta saba.

Asabar, 3 ga Agusta

Wani ƙaton muzuru na maƙwabta ya fara zarya bisa katangarmu. Na tare shi da muciya nace malam wagga ta fi ƙarhinka, ka nemi 'yar unguwarku. Na toshe tagar ɗaki da ragar kaji. Hajara tace ko ranar da anka zo neman aurenta babanta bai yi tsaro haka ba.

Talata, 20 ga Agusta

JINI YA CI JARABAWA! Na faɗa wa duk tasha. Direbobin Tsafe yanzu in sun tsaya sai su ce “Ina 'yar Landan?” Tana zaune ƙarƙashin benci da igiya a wuya kamar hajiya, da la'asar take rakoni. Don kar ta ɓace a gida ne kawai. Ciniki ma ya ƙaru, amma wannan hannuna ne.

Litinin, 16 ga Satumba

Yaya ta tahi. Ta rungume Gwaggo tana kuka, ni ta bani hannu kawai. Ta ɗaga ta tace “Kai, kamar ta yi nauyi.” Nace gashi ne, damina ce.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ta koyi kwanciya bisa ƙafata in ina yanka albasa. Ban hana ba, ƙafar ce bata da aiki.

Talata, 15 ga Oktoba

Wata ukku sun cika. Likita tace mu zo da akwati a duba kahin takardar lafiya ta ƙarshe, wadda sai ana saura kwana kaɗan tashi ake yi. Munka sa Gwaggo. Ta shiga da ƙyar. Tsayuwa ta tsaya. Juyawa fa? Ta kai rabi ta maƙale, gindi gabas kai yamma.

Likita ta ɗora ta a sikeli ta dube ni. “Malam Mannir mi kake bata?”

Nace ruwa.

Hajara da ta rako ni tace “Likita ƙarya yake, tantaƙwashi da hanta, kullum. Ni da na aure shi ban taɓa ganin tsoka irin wadda yake yanka mata ba.”

Likita tayi dariya har ta zauna. Tace a haka masu jirgi zasu maido ta, ko a samo babban akwati ko ta zauna.

Ko ta zauna.

Munka kamo hanyar gida. Hajara tace “Ka yi shiru kawai ranar tahiya, su da kansu zasu dawo maka da ita.” Da wasa ta faɗa. Ni kuma sai da na juya maganar har gida.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na kira Malam Yazid na faɗa mashi gaskiya. Za'a sako babban akwati daga Abuja a motar tasharmu. Sau ɗaya na ɓata wa Yaya, ya isa.

Hanta an rage. Tana kallona kamar na ci amana.

Talata, 29 ga Oktoba

Sabon akwati ɗaki guda ne, har ni zan iya juyawa. Na'ura ta yi ƙara tit a wuyanta, takardar lafiya ta hito, ta izinin hita ƙasa Malam Yazid ya karɓo. Wanga karon sai da na sa Likita ta karanta mani kowane layi, tun daga na farko.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na raka su Abuja. Mai auna kaya ya leƙa yace wannan mage ko rago? Nace kiwon Gusau ne. Na shimfiɗa mata tsohuwar rigata ta aiki cikin akwatin, mai warin hayaƙi, don sanyi. Kilishin da na ɓoye a aljihu sunka ce baya shiga.

Da anka tura ta ciki ta yi kuka sau ɗaya. Ni kuma yaji ya shiga idona, yajin aljihu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ta isa lafiya! Yaya ta kira tana dariya tana kuka, wai Gwaggo taƙi abincin gwangwani, kuma bata kwanciya sai bisa rigar nan. Tace “Mannir Allah ya biya ka.” Nace ai na faɗa maki tun farko ki ɗauka an gama.

Yau da la'asar na yanke 'yar hanta na miƙa ƙarƙashin benci. Sabo ne kawai na hannu. Muzurun maƙwabta ne ya biyo ni ya samu, na bar shi, kar a yi asara.

Yaya, na san halinki, in kin zo hutu sai kin binciko littahin ga kin karanta. To ki aiko mani da hoton Gwaggo, babba, wanda za'a liƙa a bango, kunnen baƙin ya hito sosai. Direbobi ne ke tambaya.